Sun ce "to" amma ba a yi aikin ba: amsa ga wani shugaban reshe a Nagoya

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni mutumin Zariya ne, na zo Japan karatun digiri na biyu shekara tara da suka wuce, bayan na gama na samu aiki a wani kamfani da ke fitar da motocin hannu da kayan gyaransu zuwa Afirka. Wata bakwai ke nan da aka naɗa ni shugaban reshenmu na Nagoya, mai ma'aikata 14, kuma 11 daga cikinsu Japanawa ne. A watan jiya na kawo sabon tsarin karɓar oda daga dillalai, na yi bayani a taron ma'aikata, kowa yana gyaɗa kai yana cewa "hai", wato "e". Mataimakina, wanda ya girme ni da shekara 15, ya ce "kento shimasu", wato za a duba. Har yau ba a yi komai ba, sai daga baya direbanmu ya faɗa mini cewa tun ranar babu wanda ya gamsu da tsarin. Bayan haka wani yaro ya aika takardun motocin Darussalam zuwa Mombasa, ba a gaya mini ba sai bayan kwana tara, kuma ni na je na ba abokin cinikin haƙuri. Ba na zuwa wurin shan giyarsu na bayan aiki. Barci ya ƙaurace mini, ban kuma gaya wa matata ba. Munafunci suke yi mini don ni baƙo ne? In ajiye muƙamin?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya sa albarka a wannan muƙami, ya taya ka riƙo. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe domin ita ta fi gaggawa: kada ka ajiye aikin yanzu. Ban raina wahalar da kake sha ba, amma hukuncin da kake shirin yankewa ya ginu a kan fassarar da nake ganin ba daidai ba ce. Ba zan rantse maka cewa babu mai jin zafin an ɗora masa baƙo ba, musamman mutumin da ya ba ka shekara 15 kuma wataƙila ya daɗe yana hangen kujerar, sai dai abin da ka zayyana, ko ɗan Japan ne ya shiga wannan taro da sabon tsari a hannu ba tare da ya taɓa kowa da maganar ba, irin amsar da zai samu ke nan.

Na san bayan shekara tara ba ka buƙatar a koya maka cewa "hai" tana iya zama "ina jin ka" kawai, kamar yadda Bahaushe ke jefa "to" da "na'am" a tsakiyar zance don mai magana ya san ana biye da shi. Da kanka ka sha faɗinta ga manyanka alhali zuciyarka ba ta kwanta ba. Abin da ya canja shi ne yanzu kai ake faɗa wa ita, kuma wanda ya kwana yana shirya tsari, ya zo yana ɗokin a yarda, duk gyaɗa kan da ya gani amincewa zai ɗauke shi. Haka ma "kento shimasu": a bakin wani tana nufin za a duba da gaske, amma idan ta zo babu tambaya ko ɗaya a bayanta, babu ranar da za a dawo da amsa, babu wanda aka ɗora wa dubawar, to a mafi yawan lokuta an rufe ƙofa ne a hankali don kada ƙararta ta dame ka. Na taɓa zama a wata tattaunawa tsakanin wasu baƙi Japanawa da mutanenmu, inda babban baƙon ya karkatar da kai, ya ja iska ta tsakanin haƙora, ya ce abin "chotto muzukashii", wato yana da ɗan wuya. Mutanenmu suka fito suna murna, wai ɗan wuya ai ba komai ba ne, za a shawo kansa. Tafintan kaɗai ne bai yi dariya ba, domin shi ya san an riga an ce a'a.

Abin da ya ba ni mamaki a wasiƙarka shi ne mutumin Zariya ne yake kiran wannan munafunci. Ka tuna dattijon da aka je neman auren 'yarsa, ba ya son bayarwa, ba ya kuma son kunyata manyan da suka tako zaurensa, sai ya ce zai yi shawara da 'yan'uwa, daga nan a ji shiru wata uku. Ka tuna attajirin da aka je wa rance ya ce Allah ya hore. Babu wanda ya tashi a gidan Hausa zai ce waɗannan mutane maƙaryata ne, domin duk wanda ke wurin ya fahimci amsar, kuma an bar mai nema ya fita da mutuncinsa. Mu muna kiran abin kara da kawaici. Su suna bambanta "honne", abin da ke zuciya, da "tatemae", abin da ya dace a faɗa a gaban jama'a. Tushen abin ya daɗe a wurinsu, domin dokoki 17 da ake jingina wa Yarima Shotoku tun shekarar 604 sun buɗe ne da umarnin a girmama zaman jituwa. Bambancin kawai shi ne mu mun ware wa kara wurarenta, gaban surukai da malamai da sarakai, amma a ofis muna iya ɗaga murya mu yi musu mu rabu lafiya, su kuwa sun shigar da ita har cikin ɗakin taro, suka gina mata ƙa'idojin aiki. Kana da kunnen jin wannan harshe tun kana yaro, ka dai ajiye shi ne a bakin ƙofar ofis da zaton aikin boko ba ya buƙatarsa.

Kuskuren da ka yi a taron nan yana da suna a wurinsu: ba ka yi "nemawashi" ba. Kalmar ta masu lambu ce, tana nufin haƙa kewayen saiwar bishiya tun da wuri a shirya ta, kafin ranar da za a tumɓuke ta a dasa a wani wuri. A ofis kuwa tana nufin bin mutanen da abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya, a ji ta bakinsu a keɓe, a gyara abin da ke buƙatar gyara, ta yadda ranar taro sanarwa kawai ta rage. Ko takardar neman amincewa da suke kira "ringisho", wadda ke zagayawa kowa ya buga hatiminsa, yawanci ba a sakinta sai an san za ta wuce. Wannan ma ba baƙon abu ba ne gare ka, domin babu mai hankalin da zai bari sai jama'a sun taru ɗaurin aure sannan a fara tattauna sadaki; wakilai sun gama magana tun kwanaki, a ranar shaida kawai ake yi. Kai kuwa ka sa mataimakinka ya ji maganar a karon farko tare da yaran da shi ya koya wa aiki. Idan ya goyi baya nan take, ya nuna cewa ana iya yanke hukunci ba tare da shi ba. Idan ya soki tsarin, ya tozarta shugabansa a bainar jama'a. Ka rufe masa hanyoyi biyu, ya bi ta ukun.

Gyaran ba mai wuya ba ne, amma yana buƙatar ka sauke kai. Ka same shi shi kaɗai, ba a ofishinka ba inda zai zauna a gabanka kamar wanda aka kira tuhuma, ka ce masa ka yi gaggawa wajen kai maganar taro, kuma kana neman shawararsa. Kada ka tambaye shi ko ya yarda da tsarin, domin tambayar da amsarta "e" ce ko "a'a" za ta sake jefa shi cikin kara. Tambaye shi wane dillali ne zai fara ƙorafi idan aka soma, a wane mataki aikin zai cije, ko an taɓa gwada irinsa a baya kuma me ya faru. Idan ya yi shiru, ka bar shirun ya yi tsawonsa, kada ka cike shi da ƙarin bayani, domin sau da yawa maganar gaskiya tana fitowa ne bayan wannan shiru. Ka kuma shirya jin cewa tsarin naka yana da aibi na gaske, wanda mutumin da ya shekara da shekaru yana hulɗa da waɗannan dillalai ya hango kai ba ka hango ba. Abin da ya gyara ka karɓa, ka ambaci sunansa ranar da za a sake gabatarwa. Game da direba kuwa, ina kyautata zaton ba suɓutar baki ya yi ba; mai yiwuwa ne ta hanyarsa aka zaɓi a isar maka da saƙon, kamar yadda ake aiken tsohuwa ta faɗa wa maigida abin da 'ya'yansa ba za su iya faɗa masa ba. Kada ka taɓa nuna cewa daga bakinsa ka ji.

Yanzu sai maganar kwana taran nan, wadda a ganina ta fi batun tsarin nauyi. Nauyin shugabanci da ba a rubuta shi a takardar naɗi ba, na farkonsa shi ne labari yana daina zuwa maka. Wata bakwai da suka wuce, da yaron nan ya yi wannan kuskure, wataƙila kai zai fara raɗa wa. Yau kai ne wanda ake ɓoye wa, ba don an ƙi ka ba, sai don kowa yana ƙoƙarin gyara abin kafin ya iso teburinka, kowa yana ƙiyasta abin da kake so da abin da zai ɓata maka rai yana aiki da ƙiyasinsa. Suna kiran wannan ƙiyasi "sontaku", kalmar da ta yi tashe a 2017 har aka zaɓe ta cikin kalmomin shekara, lokacin da ake ta ce-ce-ku-ce kan filin gwamnati da aka sayar wa wata makaranta a Osaka da rahusa mai yawa, ana zargin jami'ai sun yi abin da suke zaton na sama ke so ba tare da an umarce su ba. Kamfanonin Japan sun san wannan ciwo, shi ya sa suke koya wa sababbin ma'aikata "horenso", wato kai rahoto, sanarwa da neman shawara. Amma koyarwar ba ta aiki sai ma'aikaci ya ga cewa kawo mummunan labari da wuri ya fi ɓoye shi sauƙi, kuma wannan farashi kai kake sa shi da fuskarka a ranar da aka kawo maka labarin farko.

Saboda haka ka kira yaron a keɓe, ka ware kuskuren takardu gefe guda, wanda kowa na iya yi, ka tsaya a kan jinkirin, ka tambaye shi me ya hana shi zuwa tun rana ta farko, kuma ka saurari amsar ko da ta taɓa ka. Kada ka yi masa faɗa a gaban abokan aikinsa. Ban da cewa zai sa sauran su ƙara rufe baki, dokar hana cin zarafin na ƙasa a wurin aiki, wadda ta fara aiki kan manyan kamfanoni a watan Yunin 2020, ta haɗa da ƙanana da matsakaita tun Afrilun 2022. Ka ware wa kowane ma'aikaci kwatan awa guda a mako ko mako biyu, kai da shi, ba tare da ajanda mai nauyi ba. Makonnin farko ba za ka ji komai ba sai "lafiya lau". Ka ci gaba.

Zuwan da ka yi ba da haƙuri kuwa, na ga kamar ka ɗauke shi wulaƙanci, alhali a wurinsu babban ɓangare ne na aikin da aka naɗa ka dominsa. Mu ma muna cewa babba juji ne. A watan Nuwamban 1997, lokacin da kamfanin hada-hadar hannun jari na Yamaichi ya durƙushe saboda asarar da aka yi shekaru ana ɓoyewa, shugabansa Shohei Nozawa, wanda kimanin wata uku kawai ya yi a kujerar kuma ba shi ya tafka ɓarnar ba, ya tsaya gaban 'yan jarida yana kuka yana cewa laifin shugabanni ne, ma'aikata ba su da laifi, yana roƙon a taimaka su samu aiki. Har yau Japanawa suna tuna wannan hoto. Lokacin da ka sa kwat mai duhu, ka ɗauki kwalin kayan zaƙi, ka sunkuya a gaban abokin ciniki kan kuskuren da ba kai ka yi ba, ma'aikatanka 14 suna lura, kuma abin da suka fi lura da shi shi ne ko za ka dawo ka huce a kan yaron. Idan ba ka yi ba, to wannan tafiya ta saya maka abin da taro goma ba za su saya maka ba.

Sai dai kara tana da iyaka, kuma wajibi ne ka shata iyakar da kanka. Shirun da ke kare mutuncin mutum daban yake da shirun da ke rufe ɓarna, ko da yake daga waje kamarsu ɗaya. A 2011 kamfanin Olympus ya naɗa Michael Woodford, ɗan Ingila, shugaba. Da ya nace da tambaya kan wasu maƙudan kuɗi da aka biya, hukumar daraktoci ta tsige shi a watan Oktoba na wannan shekara, aka ce bai fahimci salon tafiyar da kamfani na Japan ba, kafin daga baya ta bayyana cewa asara ce ta kusan dala biliyan 1.7 aka yi shekaru ana rufewa. Ban kawo wannan don in sa ka zargi mutanenka ba, domin babu alamar haka a wasiƙarka. Na kawo shi ne don ka san cewa akwai abubuwa uku da ba a barinsu ga fahimtar fuska: kuɗi, takardun kwastan da na mota, da duk abin da ya shafi lafiyar mutane. Waɗannan a rubuce za su zo maka, a ranar da suka faru. Ka tsara wannan ƙa'ida tare da mataimakinka, kuma zai fi kyau ta fito daga bakinsa.

Game da zaman bayan aiki, gaskiya ne cewa a can ake kwance ɗamara a faɗi abin da ba a faɗa da rana, kuma rashin zuwanka yana rage maka ji. Ba zan ce ka zauna a teburin giya ba, kuma ba na ganin akwai buƙata. Abin da kake nema ba abin shan ba ne, wuri ne da muƙami ke ɗan sassauci, kuma ana samunsa a cin abincin rana da mutum ɗaya ko biyu, a tafiya tare zuwa tashar jirgin ƙasa, ko a cikin mota a hanyar tashar jiragen ruwa inda mutum ke magana yana kallon titi ba fuskarka ba. Matasansu da yawa ma sun fi son hakan. Ka dai bayyana musu dalilinka sau ɗaya a sarari, cewa addini ne, don kada su fassara shi da ƙyama ko girman kai, tun da su ma shirunka suke karantawa kamar yadda kake karanta nasu.

Rashin barcin ba abin wasa ba ne a ƙasar da ta ƙirƙiro kalma ta musamman, "karoshi", don mutuwa saboda yawan aiki. Dokar da ta fara aiki a 2019 ta taƙaita aikin bayan lokaci zuwa awa 45 a wata da 360 a shekara a bisa ƙa'ida, amma wanda doka ta ɗauka a matsayin manaja ba ya cikin wannan iyaka, wato kariyar da kake tabbatar wa ma'aikatanka kai ba ka da ita. Duk da haka wajibi ne kamfani ya riƙa lissafa awanninka, haƙƙinka na hutun shekara da ƙarin kuɗin aikin dare yana nan, kuma sunan manaja kaɗai ba ya isa: a Janairun 2008 wata kotu a Tokiyo ta yanke cewa wani manajan shagon McDonald's bai da ikon da zai sa a ɗauke shi manaja a idon doka, ta umarci a biya shi kuɗin aikin bayan lokaci. Ka duba kwantiraginka da wannan ido. Reshe mai ƙasa da mutum 50 kamar naka yana iya neman shawarar likitan ma'aikata kyauta a cibiyoyin lafiyar ma'aikata na yanki, kuma idan rashin barcin ya zarce makonni, ka ga likita ba tare da jin kunya ba.

Akwai kuma abin da zan faɗa maka ba tare da kara ba. Kana kukan an ɓoye maka labari kwana tara, kai kuma ka ɓoye wa matarka naka wata da watanni, da dalili iri ɗaya da na yaron: kana so ka gyara kafin ta sani. Ta riga ta gani a fuskarka, kuma mai yiwuwa tana fassara shi da abin da ya fi gaskiyar muni. Ka gaya mata. Haka nan shugabanka na hedikwata, wanda ya zaɓe ka yana sane da cewa kai baƙo ne kuma mataimakinka ya girme ka a shekaru. Ka je masa da neman shawara tun abin bai zama ƙara ba, domin a al'adarsu neman shawarar na gaba ba gazawa ba ce. A masallacin Nagoya ranar Juma'a ma ba za ka rasa wanda ya riƙe irin wannan kujera kafin kai ba.

Ka ba kanka wata shida kana aiki da waɗannan. Idan a ƙarshensu mataimakinka ya fara ce maka "akwai matsala a nan" kafin taro, ko wani yaro ya shigo da kuskurensa a ranar da ya yi shi, to ka zauna. Idan kuwa ka bi kowa ɗaya bayan ɗaya, ka sauke kai, amma har yanzu ana yanke hukunci a bayanka, hedikwata ta sani ta yi shiru, lafiyarka kuma tana ƙara lalacewa, to a lokacin ajiye muƙamin ba gudu ba ne, kuma ka sake rubuto mini mu duba yadda za ka fita ba tare da ka ɓata shekarun da ka gina ba. Kafin nan, ranar Litinin ka gayyaci mataimakinka cin abincin rana, ka bar takardar tsarin a ofis.